Rigar Ƙaro ga Inabin Malam

Itacen inabin da ke bayan ɗakina ya daɗe yana shan ruwanmu bai ba mu komai ba sai inuwa da shara. Malam, maigidana, shi ya zo da shi tun yana jan tirelar shanu daga nan Potiskum zuwa kudu. Wani mai lambu ne a wajen Zariya ya yanko masa ɗan reshe, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu, ya taho da shi a gaban mota kamar wanda ya ɗauko jinjiri. Na ce masa ƙasarmu ta gero ce da wake, inabi kuwa a bakin tasha muka san shi, cikin 'yar roba, sai mai zuwa dubiya asibiti ke saya. Ya ce in zuba ido. To, zuba ido dama aikina ne.

Ya kafa masa rumfa da ƙarafan tsohuwar mota. Ya juya magudanar wurin alwala ta koma gindinsa. In ya je kasuwar shanu gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ba ya dawowa sai da buhun taki. Itace ya yi ta miƙa, ya rufe rumfa, ya haura katanga har maƙwabta suna sharar ganyenmu. Ɗa ko ɗaya babu. Da ya ajiye tuƙi, ƙarƙashinsa ya mayar wurin zama, shi da rediyonsa da buta.

Da autanmu ya yi aure, aka kawo mana yarinya daga Fika. A gidansu Bolanci suke yi, Hausarta tana da wata 'yar lanƙwasa da nake jin daɗinta, ko da yake ban taɓa gaya mata ba. An ce ta yi kwaleji, karatun abinci, yadda ake sarrafa shi da adana shi. Ni da ban taɓa shiga aji ba na ce a raina, ma gani a tukunya. Na sa mata ido yadda nake sa wa kowa: yadda take rege shinkafa, inda take jingine tsintsiya, ko tana rufe randa in ta ɗebi ruwa. Ban same ta da wani laifi na a zo a gani ba, sai yawan riƙe waya.

Ita ce ta aika wa Malam, ta bakin mijinta, cewa itacen nan aski yake so. In ba a datse rassan ba, ganye zai yi ta yi har abada. Malam ya ce a ba ta almakashi. Ina tsaye ta yi masa aski ƙwal, rumfa ta koma ƙarfe da 'yan sanduna. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta a taƙaice. Sai ga toho. Sai ga wani ɗan fure marar kyan gani. Bayansa sai ga 'ya'ya sun sauko nono-nono kamar na dabino, ƙanana, kore shar.

Malam bai gan su ba. A lokacin ciwon yanar ido ya riga ya rufe masa idanu, ɗaya gaba ɗaya, ɗayan kuma sai dishi-dishi. Da hannu ya san su. Kullum in ya dawo masallaci da safe sai ya ɗaga hannu yana lalube a hankali, yana motsa baki, ban san ko ƙirga yake ko addu'a ba. Babbar 'yarmu da ke aure a Kano ta matsa lallai a kai shi can a yi masa aiki. Ranar tafiya, mota na jira a ƙofar gida, ya koma ƙarƙashin rumfa ya sake shafa su. Ba su wuce ƙwayar gujjiya ba a lokacin. Ya ce mini:

"Kada ki bari a tsinka a aiko mini Kano. A gidana zan gan shi, da idona."

Na ce to. Mun ɗauka tafiya ce ta 'yan kwanaki.

A can likita ya ce sugansa ya hau, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Aka ɗora shi kan magani, aka hana shi shayi da suga, aka yi ta ɗaga rana. Inabi kuwa bai san da likita ba. Bazara ta shigo da zafinta, 'ya'ya suka cika, suka yi ja, daga ja suka koma baƙi kamar ɗinya. Duk mai baki a unguwar nan ya samu labari. Tsuntsaye da safe, rina da rana, jemagu in an yi magariba. Na ɗaura tsohon gidan sauro a kan rumfa, na zauna da sanda a hannu, amma sun fi ni naci. Wasu 'ya'yan ma da kansu suka fara fashewa suna zuba ƙasa. In Malam ya kira waya ya ce, inabina fa? Sai in ce yana nan. Ba na ƙara ko kalma.

Wata safiya surukata ta zo ta durƙusa a bakin ƙofata, ta gaishe ni, ba ta tashi ba. Na san da magana. Ta ce in aka bar inabin nan a sama, kafin Baba ya dawo ba za a samu ko na nuni ba, gara a tsinke. Na ce a tsinke a sa a ina? Firjin gidan nan ya zama kabad tun da wuta ta zama baƙuwa. Na maƙwabtanmu mai sola kuwa ƙanƙara yake yi ta sayarwa, kuma ita da kanta ta ce inabi in ya daskare ya narke ya tashi daga aiki. Sai ta ce akwai wata dabara da suka gwada a makaranta da tumatir da mangwaro. A yi wa ɗan itace riga da ƙaro.

Ƙaro na san shi. Muna yara mun ɓamɓare shi a jikin dakwara mun tsotsa. Na san shi a tawadar malamai, na san shi a wurin masu wankin hula. Ban taɓa jin an shafa wa abinci ba. Ta yi mini bayani kanta a ƙasa. Ta ce ɗan itace ko an raba shi da uwarsa yana nan yana numfashi, yana fitar da ruwan jikinsa, shi ya sa yake yanƙwanewa. In aka yi masa siririn lulluɓi, numfashin zai ragu, ruwan ya jima a ciki. Kuma ba sai an tuɓe ba, da rigar ake ci. Na tambaye ta kwana nawa zai kai. Ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa yi da inabi ba. Wannan amsar ce ta sa na yarda. Da ta ce mini wata guda, da na sallame ta.

Ni na je kasuwa da ƙafata, wurin wani mutumin Damagum da ke kawo ƙaro a buhu. Na zauna a kan benci na tsince fari tas, wanda haske ke ratsawa, na bar masa ja da mai ɓawon itace. Ya gaji da kallona ya ce, Hajiya, hula nawa za a wanke haka? Na ce ta Malam ce, guda ɗaya, amma babba ce.

Ni na daka, ita ta jiƙa a tafasasshen ruwan da ya huce, ya kwana, muka tace da farin ƙyalle. Na farko ya yi kauri kamar koko. Muka gwada a jikin 'yan ƙwayoyin da suka faɗo, da ya bushe sai ya tsattsage yana ɓarewa kamar diddigen mai faso. Ta ƙara ruwa, ta ɗiga wani abu mai yauƙi marar launi da ta sa mijinta ya sayo a kemis, ta ce shi zai hana tsagewa, kuma irin wanda ake sa wa a abinci ne. Sai da na lasa da harshena na jira na ji ban ji komai ba, kafin na bari ya shiga kwano.

Kafin rana ta yi zafi muka tsinke. Tana kan turmi da almakashi, ina ƙasa da tire an shimfiɗa zane. Muka cire duk wanda ya fashe da wanda tsuntsu ya taɓa, muka wanke, muka bari ya tsane. Tana riƙe kowane nono ta tsinkensa, ta tsoma a ruwan ƙaro, ta ɗaga ya ɗige, ni kuma in rataye a igiya cikin inuwa. Da suka bushe suka yi wani sheƙi kamar an goge su da man shanu. Daga nan muka jera su a tukwane, ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a baki, yadda ake ajiye tattasai da yalo. Muka kai ɗakin randa. Kiyashi suka ji ƙamshi suka yi layi, na kewaye gindin tukwanen da toka suka koma inda suka fito.

Saɓanin da muka samu ɗaya ne. Ana cikin tsomawa na ga ta ware nono ɗaya a gefe, mai kyau, ba ta taɓa shi da ƙaro ba. Na ce ta manta ɗaya. Ta ce ba mantuwa ba ce, wannan haka za a bar shi tsirara, a sa shi a tukunya kamar sauran, a ga yadda zai yi. Raina ya ɓaci. Abin da aka yi shekaru ana jira, Allah ya kawo, a ware shi a zuba masa ido ya lalace da gangan? Na ce a gidan nan ko ƙanzo ba a zubarwa. Ta ajiye nonon da ke hannunta. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Inna, in duk muka shafa, ba za mu san ko ƙaron na aiki ba. In wannan da sauran suka lalace tare, mun san mu nemi wata dabara tun da sauran lokaci, kafin Baba ya rasa duka."

Na juya maganar na ga tana da ƙafa. Na nemi in musanya mata da wani ɗan tsigigi da tsuntsu ya sassara, ta ce ai sai lafiyayye irin 'yan uwansa, in ba haka ba an zalunce shi tun farko. Na bar mata, amma da sharaɗi: ba zai ruɓe a gidana ba. Da zarar ta ga abin da take son gani, a ci shi. Na sa masa suna maraya.

Sai kuma zancen hoto. Ta samo kwali, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, ta huda sama daidai idon waya, ta yanke gefe ɗaya don haske. Kowace safiya in ta gama shara sai ta kawo kwalin bakin ƙofar ɗakin randa, wuri ɗaya ba ta canzawa, don ta ce in haske ya bambanta hoto zai yi ƙarya. Ta fito da nono ɗaya-ɗaya, ta kwantar, ta ajiye murfin kwalba a gefensa don a riƙa gane girma, ta ɗauka, ta mayar. Ni a wurina wasa ne. Ina da ido, kuma mutanen gidan nan shaida ne ba abin da ke wuce shi. Kullum ina duba tukwanen nan ina ganin komai lafiya, har da maraya.

Ran nan ta miƙo mini wayar da hannu biyu. Ta jera hoton maraya na ranar farko da na ranar, gefe da gefe. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton har ƙwaya ɗaya ta kai girman lemo. Tsinken da ke riƙe da 'ya'yan, wanda da yake kore, ya koma launin tsintsiya. Fatar da ke kusa da shi ta fara tattarewa. Ta nuno na masu riga, tsinkensu da sauran kore, jikinsu a cike. Na je na ɗauko marayan da hannuna na duba, sai a lokacin na gani. Abin da kake kallo kullum ba ka ganin tafiyarsa. Haka yaro ke girma a gabanka, sai baƙo ya zo ya ce kai, wane ne ya zama haka. Ta ce a manyan wuraren ajiya har akwai na'urar hoton da ke hango rauni a cikin ɗan itace tun bai fito fili ba. Na ce Allah ya ba su sa'a, mu dai namu kwali ne. Mijinta ya ce a tura hotunan Kano, in an buɗe idon Baba a nuna masa. Na hana. Mutum ya ce da idonsa, a gidansa, ban ga dalilin da za a riga shi ba.

Da maraya ya yanƙwane sosai na ce wa'adi ya cika. Na wanke shi na sa a kwano, na kira ta na ce ta zauna. Ta tsaya tana murza gefen mayafi. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ganin bakinta yana tauna ba, ko ruwa za ta sha sai ta shige ɗaki, kuma haka ya kamata, haka na yi wa tawa uwar mijin har ta koma ga Allah. Amma ranar na ce:

"Ke kika mayar da shi maraya, ke za ki taya ni rufa masa asiri. Zauna."

Ta zauna a gefen tabarma, ta ba ni rabin baya, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta shigar ƙarƙashin mayafi. Ni ma ranar na fara sa inabin gidana a baki. Da zaƙi, amma yana da wani tsami a ƙarshe mai kama harshe, ga ƙwallaye a ciki. Na tambaye ta yaya ta ji. Daga cikin mayafi ta ce da ɗan tsami, Inna. Na ce ai mai shi ya biyo. Sai na ga kafaɗunta na rawa, tana danne dariya har ta ƙware, na miƙa mata ruwa. Ta sha a gabana. Muka cinye shi tas, tana kallon bango ina kallon ƙofa.

Bayan nan labari ya zo an yi wa Malam aiki, an dace. Muka yi hamdala. Amma likita ya ce sai ya ƙara zama, a riƙa kawo shi ana dubawa. A kwanakin ne hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, iska ta yi nauyi, ko zanen da aka shanya ba ya bushewa da wuri. Wata safiya ta daɗe tana kallon waya, sai ta kawo mini. A gindin wata ƙwaya, a tukunyar da ke lungu, ga wani farin abu kamar zaren gizo-gizo. Fumfuna. A jikin inabin kansa sai da na kai shi hasken rana na ƙura ido kafin na gano wurin. Ta ce laima ce ta yi yawa. Ni ke zuba wa yashin ruwa, kuma hannuna ba ya ƙwauro, amma ba ta ce ni ba ce, ta ce yanayi ne. Muka rage ruwa, muka riƙa buɗe bakin tukwane suna shan iska, muka yanke duk inda abin ya taɓa.

Daga ranar kullum sai mun yi rashi. Hoto ya nuna tabo, almakashi ya bi. Wanda ya yi laushi mu ci ko a miƙa wa maƙwabta, wanda fumfuna ta kama a binne a gindin uwarsa. Tukwane suka koma tukunya ɗaya. Na kira 'yata na ce ta tambayi likitan nan ko sauran dubawar ba za a iya yi a nan ba. Ta ce Inna, saboda inabi? Na ce ban kira ki don ki yi mini tambaya ba. Malam kuwa in ya karɓi waya, amsata ba ta canza ba, yana nan. Ban yi ƙarya ba, sai dai kowace rana gaskiyar tana ƙara ƙanƙancewa. Har aka zo nono biyu kaɗai suka rage, su ma da giɓi-giɓi kamar bakin tsohuwa.

Ranar da suka iso, bayan azahar ne. Malam ya sauko daga mota da baƙin tabarau, ya rame, amma ba wanda ya riƙe masa hannu. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Yana amsa gaisuwa yana waiwayen bayan ɗaki, ya hango rumfa ba komai sai ganye. Bai tambaya ba a gaban mutane, amma na ga yadda bakinsa ya mutu. Na bar shi. Sai da aka yi la'asar, ƙafa ta ɗauke, na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa inda rana ba za ta doki idon ba. Surukata ta kawo kwano a rufe, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta yunƙura za ta tafi. Na ce ta tsaya.

Ya buɗe. Ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Ya kama nono ɗaya ta tsinke ya ɗaga shi wajen haske, ya kawo kusa da idon da aka yi wa aiki, ya nisanta, ya sake kawowa. Ya daɗe haka.

"Ashe baƙi ne," in ji shi. "Mai lambun nan ce mini ya yi fari ne. Shekarun nan duk fari nake jira."

Na ce to sai ya tashi ya koma Zariya ya kai ƙara. Ya yi dariya har na tsawata masa, don an ce kada ya girgiza idon. Ya tambayi abin da ya sa suke sheƙi haka, na nuna masa mai aikin da haɓa, ta faɗa masa a taƙaice kanta a sunkuye. Ya ce ƙaro, ƙaron hula? Ta ce shi, Baba. Ya sa mata albarka, ya koma kallonsa.

Tsinken ya riga ya bushe, yana juya shi 'ya'yan suna saki ɗaya-ɗaya suna faɗowa a rigarsa. Na ce masa ya ci, abin nan ba zai kai gobe ba. Ya ce in bari ya ƙara gani tukuna. Na bari. Sai da inuwar katanga ta iso bakin tabarma, sannan ya laluba cinyarsa, ya tsinci ƙwayar da ta faɗo, ya dube ta ita ma, ya yi bisimilla ya kai baki.